Yadda Muka Gama Biyan Kuɗin Gidanmu a Manchester da Asusun ISA

A watan Oktoban 2024 muka sayi kason da ya rage wa banki a gidan da muke zaune a Manchester, shekara goma da shigarmu, alhali yarjejeniyar ta shekara 25 ce. Kuɗin da muka biya da shi daga kasuwar hannun jari ya fito, ta wani asusu da gwamnatin Birtaniya ba ta karɓar haraji a kansa, wanda ake kira ISA. Tun daga lokacin matan da muke haɗuwa wajen suna da walima suke tambayata yadda aka yi. Na lura amsar da nake bayarwa a tsaye, da faranti a hannu, tana sa abin ya yi kamar ya fi haka sauƙi. Shi ya sa na zauna na rubuta shi dalla-dalla, da lissafinsa da kuma inda hatsarin yake.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, maigidana kuma yana koyar da lissafi a wata makarantar sakandare. A ƙarshen 2014 muka sami gida mai ɗaki uku, irin na jere ɗin nan da bango ɗaya ke raba ka da maƙwabci, a kan fam 135,000. Mun tara fam 27,000, sauran fam 108,000 sai an nemo. Ba mu karɓi mogej, wato bashin sayen gida, irin na kowa da kowa ba saboda kuɗin ruwa. Mun bi tsarin bankunan Musulunci da ake kira musharaka mai raguwa: mu da banki muka sayi gidan tare, kashi 20 cikin 100 namu, 80 nasa. Kowane wata muna biyan abu biyu a dunƙule, hayar kason banki da kuɗin sayen wani ɗan yanki daga cikin kason nasa, jimilla wajen fam 600. Irin wannan ciniki bai daɗe da samun gindin zama a ƙasar ba. Sai a 2003 aka gyara doka don kada a karɓi harajin sayen gida sau biyu a kansa, kuma bankin da yanzu ake kira Al Rayan, wanda ya buɗe wa talakawa wannan ƙofa, a 2004 aka kafa shi. Ana auna hayar ne da ma'aunin kuɗin ruwan Babban Bankin Ingila, in ya hau ta hau. Akwai malaman da wannan bai kwanta musu ba, akwai waɗanda suka halatta, mu kuma mun tambaya muka bi waɗanda suka halatta. Mai mogej na yau da kullum ma zai iya bin abin da zan faɗa, domin lissafin ɗaya ne.

Da muka zauna, ɗawainiyar tarewa ta lafa, sai muka ga muna da rarar kusan fam 300 a wata. A nan ra'ayinmu ya rabu.

Maigidana ya ce, "Maman yara, duk fam ɗin da muka kai wa banki ya rage mana haya nan take, ba tantama. Kasuwa kuwa yau riba, gobe faɗuwa. Me zai sa mu bar tabbas mu kama wataƙila?" Ya kuma tuna mini hadisin gawar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi yi wa salla saboda bashi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Shi dai ba ya son kwana da haƙƙin kowa a wuyansa.

Na ce masa, "Abban yara, maganarka gaskiya ce. Amma kuɗin da ya shiga bango ba ya fitowa ranar da ake nemansa." Wannan shi ne babban dalilina, ya fi maganar riba nauyi a wurina. Baƙi ne mu a ƙasar, ba mu da kawu ko gwaggo a layi na gaba da za a ruga wurinsu. In aiki ya tsaya ko ciwo ya kwantar da ɗayanmu, banki ba zai dubi ƙarin da muka biya bara ya yafe mana watan nan ba. Kuɗin da ke ISA kuwa ana iya fito da shi cikin mako guda ko makamancin haka.

Muka daidaita a kan sharuɗɗa uku. Biyan wata-wata ga banki ba zai taɓa raguwa ba. Za mu ware kuɗin da zai ciyar da gida wata shida a wani asusu dabam wanda bai shafi kasuwa ba. Abin da ya shiga ISA kuma sunansa kuɗin gida, ba na mota ba, ba na biki ba.

ISA shi kansa ba jari ba ne. Kamar rumbu yake: kai ke zaɓar hatsin da za ka zuba, shi aikinsa kawai ya hana mai karɓar haraji leƙawa. Duk ribar da kamfanoni suka raba maka a ciki, da duk ƙarin darajar da hannun jarinka ya yi, babu haraji a kansu, ba kuma sai ka rubuta su a takardar hukumar haraji ta HMRC ba. Asalinsa wani tsari ne mai suna PEP da ministan kuɗi Nigel Lawson ya kawo a 1987. Gordon Brown ya maye gurbinsa da ISA a watan Afrilun 1999, da iyakar fam 7,000 a shekara. George Osborne ya ɗaga ta zuwa fam 15,000 a 2014, daga Afrilun 2017 kuma ta zama fam 20,000. Shekarar haraji tana farawa 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilu, kuma damar da ba ka yi amfani da ita ba ta wuce ke nan, ba a ɗaga ta zuwa baɗi. Asusun na mutum ɗaya ne, mata da miji ba sa haɗa guda, kowa da nasa da iyakarsa. Mu ba mu taɓa kusantar iyakar ba ma.

Kafin in buɗe, wata abokiyar aikina Baturiya, wadda ta kusa ritaya, ta ji ina maganar a ɗakin hutu. Washegari ta zo mini da wata tsohuwar wasiƙa a cikin leda, ta ninke har takardar ta fara tsagewa a tsakiya. A shekarun 1980 ita da mijinta suka sayi gida da tsarin da ya yi tashe a lokacin: kuɗin ruwa kaɗai kake biyan banki, uwar bashin tana nan yadda take, a gefe guda kuma kana zuba kuɗi a wani tsarin inshora mai juya su a kasuwa, da fatan ranar da wa'adi ya cika zai biya bashin har ya bar maka canji. Daga wajen shekarar 2000 kamfanoni suka fara aika wa mutane wasiƙu masu launi uku, kore, ruwan ɗorawa da ja. Tata ja ce. Ma'anarta abin da ta tara ba zai kai ba. Ta nuna mini layin da aka rubuta giɓin, ta ce wannan layin ne ya ƙara mata shekaru a aikin dare. Ba ta hana ni ba. Ta dai ce in tabbata uwar bashin tana raguwa ko da kasuwa ta ƙi.

Shawararta ta yi daidai da abin da hukuma ta gano. Daga Afrilun 2014 hukumar FCA mai sa ido a kan bankuna ta tsaurara doka: ba a ba mutum bashin da zai riƙa biyan ruwa kaɗai sai ya nuna sahihiyar hanyar biyan uwar kuɗin. Har yanzu akwai masu gabatar da ISA a matsayin wannan hanya, kuma a ganina ganganci ne ga mai albashi ɗaya da gida ɗaya. Bashi yana da ranar biya, kasuwa kuwa ba ta san wannan rana ba. Jadawalin FTSE 100 na manyan kamfanonin Landan ya kai 6,930 a ƙarshen Disambar 1999, shekarar da aka ƙirƙiro ISA, bai sake wuce nan ba sai Fabrairun 2015. Gaskiya ne masu hannun jari sun ci gaba da karɓar rabon riba a tsakani, amma wanda wa'adinsa ya faɗo a 2003 ko 2009 ya sayar ne a ƙasa, ko yana so ko ba ya so. Mu namu tsarin ya bambanta: ko ISA ya zama toka, gidan zai biya kansa a 2039.

Buɗewar ba ta da wuya. A Afrilun 2015 na shiga shafin wani kamfanin dillancin hannun jari, na ba da lambar inshorar ƙasa da adireshi da asusun bankina, na sa umarnin a riƙa cire fam 300 kwana biyu bayan shigar albashi. Abin da ya ci mini lokaci shi ne zaɓen abin da zan saya. Ban yarda in zaɓi kamfanoni ɗaya-ɗaya ba, don ba ni da ilimin ba ni da lokacin. Na ɗauki asusun haɗaka, inda ake tara kuɗin mutane da yawa a sayi hannun jari tare, mai bin jadawalin manyan kamfanonin duniya waɗanda kwamitin malamai ya tace. Irin wannan jadawali ya daɗe, kamfanin Dow Jones ya fito da nasa tun 1999. Tacewar mataki biyu ce. Da farko a fitar da bankunan ruwa, inshora ta gargajiya, giya, caca, naman alade da taba. Sannan a duba littafin kamfani: wanda bashin ruwan da ke kansa ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku, ko kuɗin shigarsa daga haramun ya wuce kashi 5 cikin 100, shi ma a fitar. Ɗan abin da ya saura na gurɓataccen kuɗi ana lissafa shi a sadakar, ba da niyyar lada ba. Sakamakon wannan tacewa shi ne kamfanonin fasaha na Amurka, irin su Microsoft da Apple da Nvidia, su ne suka cika asusun. Hakan ya yi mana rana a wasu shekaru, ya kuma girgiza mu a wata.

A kula da la'ada. Dillali yana yankar nasa, masu gudanar da asusun suna yankar nasu, kowace shekara, ko an ci riba ko an faɗi. Namu a haɗe bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ana ganin kamar ba komai ba ne, amma kashi 1 na fam 60,000 fam 600 ne, wato biyan gidanmu na wata guda cur. Akwai kuma tsarin diyya na FSCS da ke kare mutum har fam 85,000 idan kamfanin dillancin ya durƙushe. Ba ya biyan kowa don farashi ya faɗi.

Maganar da ban taɓa gani a rubuce-rubucen Turawa ba, kuma ita ce ta fi shafar mu, ita ce zakka. Gidan da kake zaune ciki babu zakka a kansa. Hannun jari akwai. Ke nan fam ɗin da ka kai wa banki ya fita daga lissafin zakka, wanda ka ajiye a ISA kuwa yana ciki duk shekara. Muka je wurin limaminmu bayan sallar Azahar wata Lahadi, maigidana ya ce, "Allah gafarta Malam, yaya za mu fitar da ita?" Ya yi mana bayanin cewa malamai sun kasu: wanda ya saya don ya sayar in farashi ya tashi, hukuncin kayan fatauci ne, ya fitar da kashi biyu da rabi na dukan darajar; wanda ya riƙe don dogon zango, wasu sun ce ya fitar a kan kason dukiyar kamfani da zakka ke hawa kanta kawai. Ya ce tunda niyyarmu sayarwa ce, ya fi mana tsira mu bi na farko, mu kuma cire abin da za mu biya banki a shekara mai zuwa kaɗai, ba dukan kason banki ba. Haka muka yi, kowane Ramadan, daga albashi muke fitarwa don kada mu taɓa asusun. Zakka ba asara ba ce, haƙƙin mabukata ne, kuma ban taɓa jin ciwon ba da ita ba. Amma dole ta shiga lissafi. In hayar banki kusan kashi 4 ce, zakka biyu da rabi, la'ada kusan ɗaya, to sai kasuwa ta ba ka sama da kashi 7 a shekara kafin ka ce ka fi wanda ya kai wa banki kuɗinsa kai tsaye.

A 2017 maigidana ya buɗe nasa, muka kai fam 450 a wata mu biyu, daga baya 500 da ɗoriya. A 2019 muka ɗaure hayar banki a kan farashi ɗaya na shekara biyar, zuwa Oktoban 2024, da sharaɗin ba za mu sayi fiye da kashi 10 cikin 100 na kason banki a shekara ba sai da tara.

Sai korona ta zo. Tsakanin 19 ga Fabrairu da 23 ga Maris na 2020 kasuwar Amurka ta zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na darajarta, FTSE 100 kuma ya faɗo ƙasa da 5,000. A daren 23 ga Maris ɗin ne Firayim Minista Boris Johnson ya ce kowa ya zauna a gida. Ina aikin dare a lokacin. Na cire safar hannu da takunkumi, hancina ya yi shati, na zauna in sha shayi, sai na buɗe manhajar a waya. Ribar shekaru ta narke, lambobin duk sun koma ja. Da safe na tarar da maigidana bai koma barci ba bayan Asuba, ya ce, "Maman yara, mu tsira da abin da ya rage." Na ce masa babu wanda ke binmu wannan kuɗin yau, albashinmu na shiga, banki na samun nasa, kuma watan nan fam 500 ɗinmu zai sayi fiye da abin da ya saya a Janairu. Ya yi shiru, can ya ce in cire manhajar daga wayata, shi ma zai cire tasa. Muka cire. Kafin ƙarshen shekarar asusun ya wuce inda yake a da. Ba jarumtaka ba ce ta riƙe mu, tsarin ne: babu ranar biya a gabanmu a lokacin, saboda haka babu abin da ya tilasta mana sayarwa.

Jarabawa ta biyu ba daga kasuwa ta zo ba. Da darajar naira ta karye bayan Yunin 2023, har fam ɗaya ya haura naira 2,000 a 2024, 'yan uwa suka yi ta ba mu shawara mu kwaso kuɗin mu gina gidajen haya a Zariya, tunda yanzu fam kaɗan zai yi aiki mai yawa. Shawara ce ta ƙauna, kuma ba ta rasa hujja ba. Sauƙin cire kuɗi daga ISA, wanda shi ne ya ja ni gare shi, shi ne kuma rauninsa. Ga wata doka da mutane ke mantawa: abin da ka cire ya fita daga inuwar haraji, mayar da shi zai ci daga iyakarka ta shekara, sai dai in asusunka irin mai sassaucin nan ne da aka fara a 2016, shi ma a cikin shekarar harajin kawai. Mun ci gaba da aika abin da muka saba aikawa gida daga albashi, kuɗin gida kuma muka bar shi da sunansa.

Shekarar 2022 ce ta canza mana tunani. Kamfanonin fasaha suka sha ƙasa, jadawalin Nasdaq na Amurka ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Mun shiga shekarar da wajen fam 55,000, muka zuba na wata goma sha biyu a kai, muka fita da ƙasa da abin da muka shiga da shi. A daidai lokacin Babban Bankin Ingila yana ta ɗaga kuɗin ruwa, daga kashi 0.1 a Disambar 2021, sau 14 a jere, har ya kai 5.25 a Agustan 2023. Bayan ƙaramin kasafin kuɗin da ministan kuɗi Kwasi Kwarteng ya gabatar ranar 23 ga Satumbar 2022, zamanin Firayim Minista Liz Truss, bankuna suka janye ɗaruruwan tayin mogej, sabon farashi ya haura kashi 6. Maigidana ya ɗauko takarda da biro ya lissafa mini abin da hayarmu za ta koma in ɗaurin 2019 ya ƙare. Daga wannan dare Oktoban 2024 ya zama mana ranar biya, duk da babu wanda ya wajabta mana ita. Kuma da zarar kuɗi ya sami rana, zamansa a kasuwa ya zama caca da rufin kan yara.

Sai muka tsara fita kashi uku: ɗaya a farkon 2023, ɗaya a ƙarshenta, na ƙarshe a tsakiyar 2024. Sabon zubin wata-wata kuma muka karkatar da shi zuwa ISA na tsabar kuɗi a wani bankin Musulunci, inda ake ba da ribar da ake sa rai maimakon ruwa. A nan akwai tarkon da ke kama mutane. Kada ka cire kuɗin zuwa asusunka na albashi da niyyar ka kai su sabon wurin da hannunka. Sabon bankin za ka je ka cika takardar canja wuri, su ne za su karɓo daga dillali. Ta haka kuɗin bai fita daga inuwar ba, bai kuma taɓa iyakar shekara ba. Tun Yulin 2014 doka ta yarda a mayar da na hannun jari zuwa na tsabar kuɗi, kuma ƙa'ida ita ce a kammala cikin kwana 30. Daga abin da muka sayar, mun yi amfani da damar kashi 10 ɗin nan sau biyu, wajen fam 8,000 kowane karo, wanda ya faranta wa maigidana rai ƙwarai.

Kasuwa ta yi tashin gwauron zabi a 2023 da 2024. Da mun bar komai a ciki har ƙarshe, da mun sami ƙarin dubbai. Wasu sun faɗa mini haka, na kuma san gaskiya ne. Ko yau aka dawo da ni farkon 2023 haka zan sake yi, domin abin da na sani a ranar shi ne ina da wata ashirin da 'yan kai, na kuma ga da idona abin da wata goma sha biyu ke iya yi.

Biyan kansa ya ɗauki wajen wata biyu. Mun rubuta wa banki muka nemi takardar adadin da ya rage zuwa ranar da ɗaurin haya zai ƙare, ya zo fam 60,000 da 'yan ɗaruruwa, har da kuɗin rufe fayil. Da yake a tsarinmu sunan banki ne a takardar mallaka, sai da muka ɗauki lauya. Ta nemi shaidar asalin kuɗin saboda dokar hana halatta kuɗin haram, muka buga mata bayanan ISA na shekara tara, tuli guda. Wanda zai bi wannan hanya ya ajiye takardunsa tun daga ranar farko. Ya kuma ba da tazara, don sayar da kason asusun haɗaka yakan ɗauki kamar kwana huɗu na aiki kafin kuɗin ya zauna, sannan a tura shi asusun banki. Lauyar ta gargaɗe mu a rubuce cewa ba za ta taɓa canza lambar asusunta ta imel ba, domin 'yan damfara sun ƙware wajen kwaikwayon wasiƙun lauyoyi. Na kira ofishinta ta lambar da ke kan wasiƙar farko, aka karanta mini lambobin ɗaya bayan ɗaya ina dubawa. A reshen bankinmu muka tura ta tsarin CHAPS mai isa a ranar. Matashiyar da ke kanta ta tambaye ni ko wani ne ya matsa mini in tura, ko an kira ni a waya an ce in ɓoye dalili. Na ce a'a, gidana nake saya. Ta juyo mini da allon in sake duba adadin, na duba, na sa hannu. Hukumar rajistar filaye ta ɗauki 'yan watanni kafin ta sauya suna. A farkon 2025 na biya fam 7 na sauke takardar, sunayenmu biyu ne a kai, babu na banki.

Ga lissafin yadda yake. Mun zuba wajen fam 52,000 a shekara tara da rabi, ya zama wajen 80,000. Ribar hannun jarin kaɗai ta kai kamar 26,000. Da a wajen ISA take, muka kuma sayar a shekara guda, da haraji ya hau kanta, domin rangwamen da ake yi wa kowane mutum ya sauko daga fam 12,300 zuwa 6,000 a 2023, sannan 3,000 a 2024. Mu biyu 6,000 ke nan, saura 20,000, harajinsa a lokacin kashi 10 ko 20 gwargwadon albashin mutum, wato tsakanin fam 2,000 da 4,000. Daga 30 ga Oktoban 2024 ma an ɗaga shi zuwa 18 da 24. Wannan shi ne abin da ISA ya tsare mana, tare da wahalar cike-ciken takardu. Kuɗi ne mai auki, amma ba shi ne ya biya gidan ba.

Maigidana ya kuma lissafa tasa hanyar. Da tun 2015 muna kai wa banki rarar kai tsaye, da a Oktoban 2024 saura wajen fam 15,000, abin da za mu gama a shekara ɗaya da 'yan watanni. In aka haɗa da zakkar da muka riƙa fitarwa daga albashi, wadda a hanyarsa da ta tafi ga banki, tazarar ta ƙara matsewa. Wannan fa a cikin shekarun da kamfanonin fasaha suka yi tashen da ba kasafai ake gani ba. Saboda haka in mace ta ce mini ita hankalinta ba zai ɗauki ganin jan lambobi ba, nakan ce ta bi hanyar maigidana, ba ta yi asarar wani abin kirki ba. Wadda saura mata ƙasa da shekara biyar, ko take da bashin kati a kanta, ko ba ta da ajiyar ko-ta-kwana, ita ma kada ta fara. Wadda ba ta sayi gidan ba tukuna kuma shekarunta ba su kai 40 ba, ta fara duba Lifetime ISA, inda gwamnati ke ɗora kashi 25 a kan abin da ta zuba har fam 4,000 a shekara don gidan farko da bai wuce fam 450,000 ba. Abin da ni na samu wanda ba ya cikin lissafinsa shi ne shekara tara ina sane cewa in wani abu ya faru, akwai kuɗin da hannuna zai kai gare shi.

Yanzu fam 600 ɗin da muke ba banki ya koma ISA, wannan karon don tsufa. Maigidana ya fara maganar komawa Zariya in yara sun gama jami'a, don haka na bincika dokar. Wanda ya bar zama a Birtaniya ba zai ƙara zuba ko fam ɗaya ba bayan shekarar harajin da ya tashi, amma asusun yana nan a buɗe, Birtaniya ba za ta karɓi haraji a kan ribarsa ba, in kuma ya dawo da zama zai ci gaba daga inda ya tsaya. Sai dai wajibi ne ya sanar da dillalinsa cewa ya tashi.